Ƙuri'ar Malam Na Allah

Rijiyar Dogo, ta Kanan-Bakashe
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Muddassir,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin Yamai, ya aiki? Baba lafiya lau, sai ƙafar nan da ke motsa mishi in ɗari ya sauko. Idon kam yadda ka bar shi, ko fitila aka gifta da ita ba ya gani. Basira ta sha zazzaɓi, yanzu ta miƙe har tana cinye mini ƙuli-ƙulin sayarwa. Babanta yana gaishe ka. Na ba Rayyanu direba takardar nan da ƙullin yaji. In bai kawo maka yajin ba ka riƙe mishi riga, na san halinshi.

Ka yi haƙuri ban kira ba. Ka san rezon waya a garinmu sai an hau tudu, kuma Baba ya ce wagga magana ba ta iska ba ce, takarda yake so a karanta mishi.

An yi zaɓe ran Lahadi a lakwal, makarantar bokon garinmu. Ka san Baba da mutuminshi mai takara, tsohon malamin gonan nan da ya kawo musu irin gero shekarar yunwa, tun ba a haife ka ba. Garin nan kusan duka jam'iyyar baban Basira suke bi, amma mutumin Baba kullum yana da ƙuri'a ɗaya tak a bironmu na zaɓe, kuma kowa ya san ta wane ne. In aka ɗaga ta wajen ƙirga har tafi ake yi ta taga, ana "Ga ta Malam Na Allah!"

Bana ne zaɓen farko tun da idonshi ya rufe. Shugaban biro ya ce yana iya zaɓen wanda zai shiga da shi bayan labule. Ga Halilu ɗan ƙanenshi a tsaye, ga abokan zaurenshi, amma Baba ya ce, "Uwata za ta kai ni." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ni da nake matar delege, wakilin wata jam'iyya a wurin ƙirga! Na kama hannunshi, na kai mishi babban yatsa bakin tawada ya tsoma, na kai shi kan hoton.

Da magariba aka gama ƙirga, mushe, malamin lakwal, ya rubuta a tablo, allon aji. Gaban sunan mutumin Baba, sifili. Masu jiran tafi suka tsaya da hannuwa a buɗe.

Washegari Halilu ya dawo daga kasuwa da wani vokal, saƙon murya, a wayarshi. Wani mutum ne mai murya kamar ta rediyo, yana cewa wasu Turawa daga ƙetaren teku sun shiga na'urar zaɓe suna zuƙe ƙuri'u kamar yadda ake zuƙe wa mutum kiredin waya. Baba ya sa aka yi ta maimaita mishi. Yanzu ya ce shi da zagaye na biyu sai dai a ba shi labari. Tsofaffin zaure ma sun ce in ƙuri'ar Malam da kowa ya sani ta ɓace, to tasu fa?

Shi ya ce in tambaye ka, kai da kake kwance cikin ordinater, kwamfutar nan taku, kullum: abin nan yana yiwuwa? Ka amsa da sauri.

Yayarka,
Lauratu

*

Yamai
Ranar Litinin

Zuwa ga Baba, ta bakin Yaya Lauratu,

Ina gaishe ka da ladabi, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa ciwon ƙafa. Ina lafiya lau. Yaya, yajin ya iso, amma ƙullin ya rame a hanya, Rayyanu ya ce iska ce.

Baba, ka kwantar da hankalinka. Vokal ɗin nan na ji shi a wayoyi sun fi a ƙirga, masu kawo gyara ma suna kunna mini shi. Mai muryar bai faɗi sunanshi ba, bai faɗi wace na'ura ba, bai faɗi garin da abin ya faru ba. Ba na ce babu masu kutse a duniya ba, akwai su, kuma ba zan rantse a kan kowace hanya da sakamako ke bi bayan ya bar gari ba. Amma ku duba naku. A ajin lakwal ɗinmu ina na'urar take? Ko wutar lantarki babu! Takarda ce, da tawada, da akwati da ake gani har ciki. An zazzage a gabanku, an ɗaga ɗaya bayan ɗaya, mushe ya rubuta da alli. Wane Bature ne zai zauna ƙetaren teku ya shiga cikin alli? Sai dai in aljani ne, shi kuma wannan fannin Baba ne, ba nawa ba.

Saboda haka duk abin da ya sami ƙuri'arka, a cikin ɗakin nan ya same ta, tsakanin labule da akwati. Ba sai an je nesa neman mai laifi ba.

Don Allah kada ka fasa fita zagaye na biyu, kuma ka gaya wa su Liman su fita. A gaida baban Basira da duk mutanen gida.

Ɗanka,
Muddassir

*

Rijiyar Dogo
Ranar Juma'a

Muddassir,

Muna lafiya. Wannan taka ce kai kaɗai.

Sannu da ilimi. Ka manta yadda ake karanta takardarka a gidan nan? Baba ne ke buɗewa da hannunshi, ya miƙo mini, in karanta da ƙarfi ban san abin da ke gaba ba. Wannan karon ma har aikawa ya yi aka kira mutanen zaure bayan la'asar, wai ɗanshi masani ya amsa. Aka yi ta dariyar alli da aljani, ni ma ina dariya. Sai bakina ya riga hankalina, na karanta "tsakanin labule da akwati".

Liman Alamin ya hau tarin da ba na mura ba. Halilu ya ce, a hankali wai kada a ji, "To, bayan labule dai mutum biyu ne."

Baba ya buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Yaro ne, bai san Turawa ba. Sun fi shi wayo, ko cikin alli sai su shiga." Ya sallami kowa.

Ka ji, ya kare ni. Har yau kuma ko mutum ya kawo zancen, Turawan nan yake kamawa da hannu biyu. Amma ni na san ubana. Da can in zan kai shi masallaci, tun ban ƙaraso ba ya miƙo hannu. Yanzu sanda yake lalube da ita, ya ce in je in yi aikina. In na kawo tuwo sai ya ce "an gode", kamar maƙwabciya ce ta aiko. Jiya a rijiya wata ta ce wa ƴar'uwarta ta riƙe guga da kyau, hannu ba abin yarda ba ne yanzu. Na ɗauki tuluna rabi na dawo.

Ban ce da gangan ka yi ba. Amma kada ka sake rubuto komai a kan zancen nan.

Lauratu

*

Yamai
Ranar Asabar

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Basira. Wannan ce ta biyu da na ba Rayyanu na ce ya sa a hannunki, ba a hannun Baba ba. Ya rantse ya ba ki ta farkon, kin karɓa kin juya. Na kira wayar baban Basira har na gaji, ba ta shiga.

Wallahi tallahi ba ke nake nufi ba. Ina rubutu ina tunanin masu ƙirga, ko takarda ta manne da wata, ko an yi kuskuren ɗagawa. Ko kaɗan ban tuna wa ya shiga da shi ba. Na ji kunya ƙwarai. Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna, ke kika bar kolej don in ci gaba, sai ga shi da bakinki na sa kika karanta abin da ya tozarta ki.

Amma shirun nan naki yana ba ni tsoro, Yaya, har na fara tunanin abin da ban so. Bari in faɗa, ki yafe mini. Na san zaman gidan miji ba wasa ba ne, kuma na san idon da jam'iyya ta sa wa baban Basira. In ma an matsa miki ne, in ma hannunki ya karkata, ni ba zan ga laifinki ba har abada. Ki gaya mini kawai, mu san yadda za mu lallashi Baba tare.

Ƙanenki,
Muddassir

*

Rijiyar Dogo
Ranar Talata

Muddassir,

Lafiya muke, Baba ma jikinshi lafiya, sai dai abincin ya ragu.

Lalle ka cika gwani! Ta farko ka mare ni ba ka sani ba, ta ƙarshen nan ka zo ba ni haƙuri ka ƙara mini a ɗaya kuncin. "In ma hannunki ya karkata." Da kana kusa da sai na ja kunnen nan naka har ya kai kafaɗa. Na yi kuka, na wanke fuska, na ce to bari in gaya wa wannan sakaran, don abin ya yi mini nauyi ni kaɗai. Amma amana ce, ko a mafarki kada ka faɗa.

Na sa yatsan Baba a kan hoton mutuminshi, daidai, Allah shaida. Ka san Baba ba ya yin abu rabi. Ya tsoma yatsa kamar mai ɗibar miya, ya danna har tawadar ta taru ta yi tabki. Na kai hannu zan karɓi takardar in ɗan kaɗa ta ta sha iska, sai ya riƙe. Ya ce, "A'a Uwata, kin yi naki. Ninki kam ko makaho ya iya. Shekara nawa ina ninke laya?" Kafin in buɗe baki ya ninke ta ciki, ya sake ninkewa, ya yi ta ninkewa ƙanana-ƙanana yana dannewa da yatsan nan mai tawada, har ta koma kamar wadda za a kai wa baduku ya ɗinke.

Da ka ga fuskarshi a lokacin! Tun da idon nan ya rufe ban ga haske irin wannan a kanta ba. An karɓe mishi gona, an karɓe mishi alƙalami, ko butar alwala sai an miƙo mishi. Ya fito yana gaya wa mutanen layi, "Da hannuna na ninke, da hannuna na jefa." Ni kuwa ina ta addu'a Allah ya sa ba ta kama ba.

Ta kama. Ina tsaye a taga da aka zo kanta, na gane ta tun ba a warware ba. Tawadar ta hau hotuna har uku, ɗaya ma na jam'iyyar baban Basira ne. Delege duka suka duba suka ce nul, aka ajiye ta cikin lalatattu. Ba wanda ya yi maguɗi, ko ni ce mai ƙirga haka zan ce. Baban Basira ma ya gane ta, ya ɗago ya kalle ni, na girgiza mishi kai. Bawan Allah har yau bai buɗe baki ba, ko da ake cewa shi ya sa ni.

To ka ji. Yaya zan dubi tsohon nan in ce mishi abu ɗaya da ya rage yana yi da kanshi, shi ne ya ɓata? Da vokal ɗin Halilu ya zo, ka yafe mini, har hamdala na yi. Na ce to ga waɗanda za su ɗauki laifi, ba su san mu ba, ba mu san su ba, ba abin da zai same su. Na aiko maka da tambayar ina fatan ka ce "mai yiwuwa ne" ka yi shiru. Ina na san za ka zo da alli da aljani?

Yanzu zagaye na biyu ya matso, ya ce ba za shi ba. Kuma ina kewar hannun ubana, Muddassir. Ina kewarshi ƙwarai.

Yayarka,
Lauratu

*

Yamai
Ranar Alhamis

Yaya Lauratu,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kunnen yana nan na ajiye miki, ki ja yadda kike so.

Na karanta takardarki a shago, sai da na shiga bayan kanta na zauna a ƙasa. Mai gidana ya ɗauka rasuwa aka yi.

Na ɗauki biro zan rubuta wa Baba cewa na sake bincike, Turawan ne. Layi biyu ne kawai, kuma da ya wanke ki a zaure. Na fara, na yaga. In na rubuta haka, Baba ba zai sake fita zaɓe ba har ya koma ga Allah, su Liman ma haka, kuma da sunana za a riƙa yawo da ƙaryar, a ce ai ɗan Malam na Yamai ma ya tabbatar. Kuma Yaya, ke da kanki kika ce bakinshi ne ke cewa Turawa, hannunshi bai yarda ba. Ko na rubuta, ba na jin zai miƙo miki shi.

Kina tsoron ya ji ciwon ninki. Ni ina ganin ciwon da yake ciki yanzu ya fi. Yana kwana yana tashi da tunanin ko Uwarshi ta ci amanarshi, ba ya iya tambaya, ba ya iya mantawa. Shi ya sa abincin ya ragu.

Amanarki tana nan, ba zan faɗa ba. In kina so in nemi izini in zo mu gaya mishi tare, ko in faɗa ni kaɗai ya huce a kaina, ki aiko. Ke kika fi ni saninshi.

Ƙanenki,
Muddassir

*

Rijiyar Dogo
Ranar Litinin

Ƙanena Muddassir,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Baba ya ce in gaya maka jiya ya cinye tuwo har ya nemi ƙari, kuma wai ka rage surutu a takarda.

Ka yi haƙuri na bar ka cikin duhu. Ban ce ka zo ba don ni na shiga da shi bayan labulen, ni ya kamata in faɗa. Na yi ta ɗagawa, yau gobe, har ran Juma'a da hantsi ina yanke mishi farce. Dole ya ba ni hannu a nan, ba ya da yadda zai yi. Ina riƙe da babban yatsan, har yanzu da sauran baƙin tawada a gefen farcen, sai kawai na ji maganar tana fita. Na faɗa mishi duka, ban rage ba.

Can ya ce in kawo takarda da tawadarshi ta da. Na tono kurtun a bayan tukunya, na zuba ruwa na dama. Ya tsoma, ya danna, ya ninke irin nashi, ya miƙo mini. "Warware. Ta kama?"

Na ce, "Ta kama, Baba."

"Wuri nawa?"

"Huɗu."

Ya ce, "Ashe wancan karon ma na yi sauƙi." Ya fara dariya, sai dariyar ta juye. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar Inna, sai ran nan. Ya ce, "Kika bari ana nuna ki a rijiya saboda ninkin takarda? Ni kuma ina zaune ina zarginki a zuci, ina ɗora wa bayin Allah na ƙetare da baki. Ki yafe mini, Uwata." Na ce shi zai yafe mini, ni na ɓoye. Muka zauna muna ta yafe wa juna har wuta ta mutu a murhu.

Bayan sallar Juma'a ya hana kowa tashi daga zaure. Ya ce, "Baturen da ya shiga na'ura, ga shi zaune gabanku da rawani." Ya ba su labari da bakinshi, har yana kwatanta ninkin. Liman ya yi dariya har da riƙe ciki. Halilu ya zo har gida ya durƙusa, na ce ya tashi, amma ya share abin nan daga wayarshi. Ya ce ai ya riga ya tura wa mutane da yawa. Wasu ma har yanzu sun fi son labarin Turawan, sun ce ya fi daɗi. Oho dai.

Jiya aka yi zagaye na biyu. Tun ban gama ɗaura kallabi ba na tarar da shi a ƙofar gida da farar riga, hannu a miƙe. Su Liman suna biye da mu.

Ka san mutuminshi ya faɗi tun zagayen farko, hoto biyu ne kawai a takardar. Bayan labule ya raɗa mini wanda yake so. Ba zan gaya maka ba, ko baban Basira bai tambaya ba. Na kai yatsanshi wurin. Wannan karon ya taɓa tawadar kaɗan kamar mai ɗanɗana gishiri. Ya ɗaga takardar yana hurawa, yana kaɗawa, yana hurawa, har shugaban biro ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Ya ce, "Shanya nake!" Layi duka aka kwashe da dariya.

Sai ya miƙo mini, ya ce in ninke. Na ce a'a, aikinka ne, ta bushe. Ya ce, "Kin duba?" Na ce na duba. Bai ko shafa ya ji ba. Ya ninke sau biyu, manya, ya je ya jefa.

Da magariba an ƙirga, kowane ɓangare ya sami nashi da yawa, har da lalatattu kaɗan. Ba yadda za a yi a gane ta Baba a ciki, ba kuma wanda ya yi tafi. A hanyar gida Liman ya tsokane shi, ya ce, "To Malam, yau da ba ta fito ita kaɗai ba, ta yaya ka san an sa maka inda ka ce, kuma ba ta cikin lalatattun?"

Baba yana riƙe da hannuna, bai ko rage tafiya ba. Ya ce, "Uwata ta ce ta bushe."

Yayarka,
Lauratu